Yadda Ake Shugabancin Kwamitin Kare Lafiyar Ma'aikata Ba Tare da An Taɓa Fanka Ba

An naɗa ka shugaban kwamitin kare lafiyar ma'aikata a ofishinku? Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan, ina ba ka tabbacin za ka gama wa'adinka ko hannun rigarka ba ka naɗe ba. Ba da ka na tsara su ba. A wurin Malam Yari na gan su, gwanin wannan fanni a wata hukumar gwamnati da ke GRA, inda muka yi aiki tare.

1. Saurari koke da dukan fuskarka

Hajiya Indo mai buga takardu, wadda ritaya ta kusanto, teburinta yana daidai ƙarƙashin wata fankar sama mai rangaji duk lokacin da aka kawo wuta. Ta iske Malam Yari. Ya gaishe ta, ya tambayi gida da jikoki da yadda ake fama da zafi.

"Malam, fankar nan fa rawa take. Jiya har noti ya faɗo mini cikin shayi."

"Subhanallahi! Cikin shayi? Hajiya, kin kyauta da kika faɗi. Irinku muke nema."

Ta fita ranta fari. Ka riƙe wannan: rabin buƙatar mai koke a girgiza masa kai ne.

2. Kira taron jin ra'ayi

Ma'aikaci yana son a dama da shi, to dama da shi. Malam Yari ya tara kowa a ɗakin taro, aka raba lemo da cincin, aka ba kowa dama ya faɗi yadda yake ji game da fankar. Wasu suka ce rawa take, wasu suka ce tun zuwansu haka suka same ta. Da aka kira azahar, aka amince a ci gaba da sa mata ido. Hajiya Indo aka ɗora wa wannan nauyi, tunda ita ta fi kusa.

3. Taka wa masu karambani burki

Kowane ofis yana da su. Malam Abbas na sashen sufuri ya shigo da tsani a kafaɗa da sifana a aljihu.

"Ranka ya daɗe, ɗaure noti ne kawai. Yanzu zan sauko."

"An taɓa horar da kai kan hawan tsani?" in ji Malam Yari. "In ka faɗo, wa za a tambaya?"

Aka kulle tsanin a sito, don kariya.

4. Ka san iyakar huruminka

Hajiya ta nemi a matsar mata da tebur. Wannan aikin sashen kadarori ne. Ta kashe fankar, abokan zamanta suka ce a wannan bazara gara a kore su daga aiki. Kada ka shiga tsakani. Manna takarda a bango mai cewa A KULA, ka ɗauki hoto kusa da ita.

5. In abin ya faru, riga kowa zuwa asibiti

Wata Talata da hantsi, Hajiya ta kunna fankar ta zauna, fankar ta biyo ta. Ƙashin kafaɗa ya karye. Kafin 'ya'yanta su iso daga unguwar Gobarau, Malam Yari yana bakin gado da ledar ayaba.

"Sannu Hajiya. Allah ya sa kaffara ne."

Ta daɗe tana kallonsa. "Malam Yari, ban faɗa maka ba?"

"Kin faɗa. Har a gaban Darakta na yaba miki."

Ta juyar da fuska bango.

6. Yi bincike, ka gano wanda ya kunna

Kwamiti ya zauna, ya gano cewa da ba a kunna fankar ba, da ba ta faɗo ba. Saboda shekarunta da halin da take ciki, aka yafe wa Hajiya.

Da ta dawo, hannu rataye a wuya, ba ta shiga ɗakin ba. Ta sa aka fitar mata da kujera gindin darbejiya. Malam Abbas ya ɗaga kai ya dubi fankar ofishinsa, ya kinkimo tasa kujerar. Kafin mako ya ƙare, rabin hukumar tana waje. Malam Yari ya sanar da Darakta cewa ba a taɓa ganin haɗin kan ma'aikata irin wannan ba. Yanzu haka yana hedikwata, shi ke horar da shugabannin kwamitoci.

Gargaɗi: Marubucin ba ya ɗaukar alhakin karaya, targaɗe, rotse, ko surukin mai rauni da zai tare ka a bakin masallaci. Duk wanda wani abu ya faɗo masa, ya yi haƙuri, daga sama yake.