Ku Sako Mini Ragowar Jikana

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan kamfanin da ya haɗa kwamfutarmu da wayar gida,

Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan kai da injinanka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi maka albishir: 'yata ta fari, wadda aure ya kai nesa, ta sauka lafiya, an samu namiji. Tun da labarin ya iso bakina ya ƙi rufuwa, har mai shagon kan kwana ya tambaya ko haƙori na sake. Ta ce ta turo hoton yaron ta intanet. A nan ne murnata ta faɗo hannunka.

Na ɗaya. Surukina ne ya saka kalmar sirri kafin su tafi, ya ce wa kwamfuta ta riƙe. Ta riƙe duk lokacin da ba mu da abin dubawa. Ranar da jika ya zo, sai ta ce ba ta san zancen ba. Ni mai furfura ake yi wa uzurin mantuwa. Ita shekarunta nawa?

Na biyu. Ta ce in sake rubutawa. Na duba gurbin, na ga taurari a jere. Ni karatun yamma na yi da girmana, kuma malaminmu ya hore mu cewa abin da ka gani a allo shi za ka kwafa, ba ƙari ba ragi. Na kwafe taurarin nan tsaf, ta ƙi. In ba a son a kwafa, me ya sa aka rubuta?

Na uku. Na buga ofishinku. Wata yarinya mai ladabi, Allah ya yi mata albarka, ta ce in gwada yanzu tana jirana a kan layi. Ranka ya daɗe, waya ɗaya ce a gidan nan. In ina kanta, kwamfuta ba ta samu. Ko a ofishinku ba a san abin da kuke sayarwa ba ne?

Na huɗu, kuma shi ne babba. Dole ta sa na nemi kalmar a bakin surukina. Yaron nan ya yi ta tari, ya tambayi lafiyar kowa har da maƙwabta, sannan ya faɗo ta harafi-harafi, a cakuɗe da lambobi. Ashe sunan da yake kiran 'yata da shi ne in sun keɓe. Ba zan rubuta shi nan ba. Na dai gane ana son ta. Muka rabu ba sallamar kirki.

Na rubuta kalmar, akwatinku na haɗa layi ya yi kukansa na kazar da aka taka, ya shiga. Hoto ya fara saukowa daga sama, a hankali kamar ana ɗaga labule. Ga hula, ga goshi, ga kunnuwa irin nawa sak. Daidai nan uwargidana ta ɗaga waya a falo don ta yi wa ƙanwarta albishir. Layi ya yanke. Da na koma, kwamfuta ta sake mantawa. Sunan yana kaina, lambobin kuwa ita na bar wa amana.

Yanzu uwargida tana yawo tana cewa angon nata hancin gidansu ya ɗauko, alhali ba wanda ya ga hancin. Ni kuma ba zan sake sa surukina ya faɗi kalmar nan ba. Sau ɗaya ya ishi kowa.

Saboda haka ina roƙon alfarma, don girmanka. Ban nemi saurin layi ba, ban nemi a hori kowa ba. Daga ido zuwa haɓa kawai za ku sako mini, kafin yaron ya yi gemu.

Naka mai biyayya, wanda ko layinku ya yanke shi ba zai yanke gaisuwa ba,

Tsohon tela,
kakan rabin fuska