Yadda Ake Noman Tumatir A Wurin Shanyar Uwargida

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan yadda na bi su, na yi maka alkawari za a ci tumatirin gidanka kafin damina ta ɗauke. Ni ganau ne.

1. Ƙwace fili

Bayan gida ba wuri sai inda uwargida ke shanya. Kwance igiyar. In ta tambayi inda za ta shanya kayan yara, ce mata kan ƙofa ma wuri ne. Sannan ka cika baki: in damina ta wuce ba ka nomo tumatir ko ɗaya ba, igiya ta koma, kai kuma ka bar zancen lambu har abada. Ni ba wanda ya tilasta ni, bakina ne ya ja mini.

2. Huda bokitai

Nata, ba naka ba. Manomin zamani a bokiti yake shuka, don ya iya gudu da gonarsa.

3. Yarda da wayarka

In wayar ta ce za a yi rana, tula wa shuka ruwa tun da safe. Kafin azahar hadari zai haɗo ya ƙara nasa. In ta ce ruwa, kada ka ba su ko ɗigo, ka tafi aiki hankali kwance. Ranar za a ƙwalla ranar da za ka dawo ka tarar da ganye ya yi laushi kamar tsumma.

4. Shiga da fita

Iska ta taso, kwashe bokitai zuwa falo. Rana ta leƙo, fito da su. Gajimare ya dawo, mayar. Wanda ya fi rauni kafa masa lemar uwargida, ita ta tafi unguwa a jiƙe. Wallahi ko 'ya'yana ban yi wa wannan hidimar ba, har yau ƙuguna bai yafe mini ba.

5. Iya bayani

Za su mutu ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ce sun mutu, ce suna hutawa. Ɗora laifin a kan iri, ko ƙasa, ko idon maƙwabci.

6. Leƙa wurin wanke-wanke

Can bakin magudana, inda take zubar da ruwan kwanuka, za ka ga wani tumatir ya tsiro da kansa. Ba taki, ba lema. Rana ta gasa shi, ruwa ya dake shi, ga shi nan ya yi 'ya'ya jajur. Ranar da na gan shi sai da na ji ƙwalla, don haushi.

7. Ce naka ne

Ɗauko taki da butar ban ruwa ka nufe shi. Tawa uwargidan tsayawa ta yi a gabansa da ludayi a hannu.

"Baban yara, don Allah ka yi masa rai," in ji ta. "Shi kaɗai ne ba ka kula da shi ba."

Da yamma aka ci shi a miya, na kuma yi ƙari. Bayan na sha ruwa ta miƙo mini igiya, ta ce ni ne dogo.

Hattara

Na ce za a ci tumatirin gidanka, ban ce naka ba. Ciwon ƙugu, hudajjun bokitai da dariyar maƙwabta duk ba ruwana. Mai ƙorafi ya same ni a bayan gida, amma ya yi sauri. Waya ta ce yau rana ce, dole in je in kwashe shanya.