Rasuwar Maigadin Firjin Malam Tasi'u

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika, tare da miƙa wuya ga abin da Allah Ya hukunta, Malam Tasi'u Auyo, malamin dabbobi mazaunin Hadejia, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk makiyayin da ya taɓa riƙe masa ƙahon sa, rasuwar abokin tafiyarsa, akwatin kare wutar lantarki wanda aka fi sani da Maigadi. Ya rasu ranar Talata bayan la'asar, a zangon manoman rani da ke gefen Baturiya, yana da shekara shida a bakin aiki. Ya cika a inda aka ajiye shi, maƙale a jikin mota, tsakanin wutar waje da firjin da aka ba shi amana.

An jinkirta wannan sanarwa kwana goma sha tara, kuma jinkirin yana da dalili. Labarin da ya fara zagaya fadama ba daidai ba ne, daga bakin mai makokin kuwa, Malam Tasi'u, ya fito. Shi ne ya ce injin Haladu mai cajin waya ne ya kashe Maigadi. Tun daga ranar ba wanda ya sake kai wayarsa rumfar Haladu. Mutane sun gwammace su hau babur har wani ƙauye da su jona a injin da aka ce yana cin kaya, shi kuwa Haladu mai 'ya'ya biyar yana zaune yana kallon soket ba kowa. Wannan sanarwa ta makoki ce, amma kuma ta gyara ce.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, Malam Tasi'u yana da tsohuwar bas da ya cire wa kujeru, ya shimfiɗa katifa, ya kafa fanka da ɗan ƙaramin firji. A cikinta yake kwana sati biyu, wani lokacin uku, yana bin rugage daga Auyo zuwa Miga zuwa Baturiya, yana yi wa shanu rigakafin ciwon huhu. Maganin nan ba ya shiri da zafi. In ya ɗumama sau ɗaya ya tashi daga aiki, sai dai a yi ta tsira wa dabbobi ruwa a banza. Batir yakan riƙe firjin a hanya, amma duk inda aka yada zango sai an ja waya an roƙi wuta, yau a injin mai caji, gobe a na mai walda, jibi a na masallacin ƙauye. Kowane inji kuwa da nasa halin.

Mardiyya ce ta zaɓo marigayin, babbar 'yar Malam Tasi'u wadda ta karanci lantarki. Ranar da suka shiga kasuwar Hadejia, uban ya riga ya ɗauki wani farin soket mai ramuka shida da jar fitila, don kawai ya yi masa kyau a ido.

Ta ce, “Baba, wannan ai ado ne. Fitilarsa ci take yi ko wutar lafiya ce ko ta kisa.”

Sai ta tsare mai shago da tambaya. In wuta ta yi yawa, yana yankewa? In ta yi ƙasa fa? In an ɗauke an dawo, yana jira ta zauna ko sakin ta yake yi nan take? Ta juya bayan kwali ta duba ko zai iya ɗaukar firji da fanka a tare, ta tambayi murfin da zai hana ruwan sama shiga. Mai shago ya sosa ƙeya, ya shiga ciki, ya fito da wani akwati ruwan toka, mummuna, mai ɗan gilashi da ke nuna lamba da maɓalli ɗaya rawaya a gefe.

Ta ce, “Wannan maɓallin na masu gyara ne, Baba. Tsallake jira yake yi. Don Allah kada ka taɓa shi.”

Ya ce, “To injiniya, na ji.”

Marigayin mai haƙuri ne, mai bincike, marar son kai. Bai taɓa karɓar wuta don ganin idon mai ita ba. In aka jona shi, sai ya yi shiru minti uku cif yana auna ta, ɗan gilashinsa na ƙiftawa. In ya gamsu sai a ji ƙyas, firji ya ɗauka. In bai gamsu ba sai ya ce tit, tit, tit, ya kunna ja, ya kafe. Ya taɓa ƙin wutar gidan wani mai unguwa a gaban mai unguwar. Ya ƙi ta wani biki a Miga, ranar da amsa-kuwwa biyu da cajar waya goma sha ɗaya suka ƙone, firjin Malam Tasi'u kaɗai ya kwana lafiya. Aibinsa ɗaya a wurin ubangidansa shi ne waɗannan mintuna uku, domin Malam Tasi'u mutum ne da ke ƙona harshe da shayi kullum safiya, kuma yana yi wa garken shanu odar mota kamar za su fahimta.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Talatar an iso zango da rana tsaka, batir ya yi sanyi, ƙanƙarar cikin firji ta fara zama ruwa, ga shanu sama da ɗari uku ana jira da su a mashaya. Injin Haladu a lokacin yana jan famfon ban-ruwa na wata gonar shinkafa. Kamar yadda masu inji suke yi a fadama in aiki ya yi nauyi, Haladu ya ɗaure makunnin gudu da robar tayar keke don injin ya ƙara ƙarfi. Bai ɓoye ba. Ya ce, “Malam, dakata in idar da la'asar in zo in kwance robar nan, sannan ka jona. Yanzu wutar ba ta mutane ba ce.” Ya ɗauki butarsa ya tafi.

Malam Tasi'u ya dubi firji, ya dubi rana, ya ja waya ya jona da hannunsa. Maigadi ya auna, lambar ta haura inda ta saba tsayawa da nisa, ya ce tit, tit, tit. Ubangidan ya sa yatsa ya danna rawayan maɓalli. Marigayin ya buɗe hanya don biyayya, ya sake rufewa nan da nan. Aka sake dannawa, ya sake ƙi. A karo na uku, yatsan na kan maɓalli, famfon can gona ya shaƙi iska ya saki, duk ƙarfin injin ya rasa inda zai tafi sai cikin wayar nan. Aka ji ƙyas ɗaya mai ƙarfi wanda bai taɓa yin irinsa ba, sai hayaƙi siriri da warin ƙonanniyar roba. Ya yanke wutar kafin ta wuce shi. Ko kwalba ɗaya ba ta lalace ba, kuma an yi wa shanun nan allura kafin magariba.

Da jama'a suka taru suna tambayar abin da ya faru, kunya ta riga gaskiya fitowa. Malam Tasi'u ya nuna injin ya ce, “Ga shi nan, ku dubi robar.” Haladu ya dawo da butarsa ya tarar ana kallonsa. Ya dubi Malam Tasi'u ya daɗe, sannan ya durƙusa ya kwance robar.

Tun ranar mai makokin bai huta ba. Yana jin marigayin. Ba a mafarki ba, da rana tsaka, ido biyu. Ya kai hannu zai ɗauki kofin shayi, sai ya ji tit, tit, tit a bayan kunnensa. Yana tuƙi a kan hanyar Auyo ya ji ƙyas daga bayan mota, ya tsaya ya duba, ba komai sai ƙusoshi biyu da baƙin tabo a inda akwatin yake. Ya wanke motar da sabulu sau uku, warin robar nan bai fita ba, kuma shi kaɗai ke jin sa. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne in ya buɗe baki zai maimaita wa wani labarin injin Haladu, nan ne ƙarar ta fi matsowa. Ya rame, ya daina yi wa shanu oda.

A kwana na goma sha bakwai ya naɗe gawar a tsumma ya kai wa Mardiyya. Ta kwance ƙusoshi, ta duba cikin da ya zama gawayi, sannan ta juya gefe ta ga rawayan maɓallin ya nutse ciki ya narke a haka. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, “Baba, sau nawa?”

Ya ce, “Uku.”

Sai ta mayar da ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

Marigayin ya rasu ya bar firji ɗaya cikin ƙoshin lafiya, da fanka mai ciwon wuya, da waya mai tsawon taku talatin wadda ta ga komai, da shanu masu yawa a fadama waɗanda ba su san sunansa ba. Ya kuma bar magaji, ɗan gidansu, ruwan toka kamarsa, wanda Malam Tasi'u da kansa ya roƙi Mardiyya ta cire wa maɓallin gefe kafin a ɗaura shi.

Ba za a yi wa marigayin wanka ko salla ba, tunda roba ne da tagulla. Ba kuma za a ba 'yan gwangwan shi ba, kada su wahalar da kansu. Za a binne shi ranar Asabar da hantsi a gindin tsamiyar da ke bayan rumfar Haladu, a zangon Baturiya, kuma a nan za a karɓi gaisuwa. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su kawo goro ko hatsi. Kowa ya zo da wayarsa da cajarsa. A gaban jama'a Malam Tasi'u zai tashi ya faɗi abin da aka rubuta a nan da bakinsa, ya nemi gafarar mai rumfa, sannan ya roƙi izinin jona motarsa a injin nan kafin kowa.

An aika wa Haladu da wannan tsari tun shekaranjiya. Bai ce ya yarda ba, bai ce ya ƙi ba, ya ce zai yi tunani. Don haka masu zuwa su zo da haƙuri. Za su tarar da Malam Tasi'u zaune a ƙasa a bakin rumfar, kan wayar wutar motarsa a hannunsa, kuma ko rana za ta faɗi a kansa ba zai jona ba sai Haladu ya ce ya jona.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi.