Sanyin Bakin Teku

Shekarar da muka fara kai albasarmu Legas da kanmu, ba wanda ya taɓa zuwa cikinmu, sai na zama masanin yanayi. A tashar Mafara na tara abokan tafiya na ce, "Kun san sanyin bakin Bakolori. To dam ke nan, ina ga teku? Can sai da wuta."

Ba wanda ya musa, kowa ya ɗauko bargo. Alhaji Sani, dattijonmu, har ya sauke buhun albasa guda aka ɗora gawayi.

Muka isa zufa na tsiyaya, 'yan dako na nuna bargunanmu suna dariya. Alhaji ya share goshi ya ce, "Malam, yaushe sanyin zai iso?"

Har yau, in bazara ta ƙone gari, sai ya kira ni: wai in ara masa bargo.