Fim Ɗina na Farko a Gonar Raken Alhaji

Ko na manta komai na samartakata, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka haska fim ɗina na farko a Matamaye ba.

Wata ƙungiya ce ta kawo wa matasa horon ɗaukar fim, malaminmu Mushe Sani daga Damagaram (mu nan malamin boko Mushe muke ce masa). Ya koya mana riƙe kamara, da juya wa rana baya, da kusanto mikoro bakin mai magana. Ba a je ko'ina ba na sayi baƙin tabarau, na ce daga yau a riƙa kirana darakta. (Lokacin ko kafa ƙafafun kamara ban iya ba, kullum a karkace take kamar jakin da aka yi wa lodi gefe guda.) 'Yan ajinmu kuwa kallon ƙauyawa nake musu.

Da aka ce kowa ya ɗauko hira da mai sana'a, wasu suka nufi mai ƙuli-ƙuli, wasu maƙera. Ni na zaɓi Alhaji Mamman, babban manomin rake a Dungu, mahaifin Zuwaira wadda aka kai gaisuwar aurena da ita. So nake ya san ba ƙaramin mutum zai ba 'yarsa ba.

Na goya Rabi'u, ɗan ajinmu, a moto, wato babur, don ya riƙe mini mikoro. Alhaji ya zauna bakin rijiyar gona ya buɗe baki. In ya yi nisa sai in ce, "Baba Alhaji, a ɗan huta," in danna maɓalli, mu koma gefe ni da Rabi'u da kamara rataye a hannu. Mushe ya sha faɗa mana kowa ya duba aikinsa kafin ya miƙa. Na ce wannan gargaɗin na 'yan koyo ne. Sai ranar rufe horo na miƙa masa katin kamarar, ana gab da fara haska finafinan.

An gayyaci duk waɗanda aka yi hira da su. Alhaji ya zo da babbar riga da ƙannensa, aka ba su kujerun gaba. Ana nuna aikin sauran ina tsaki. "Dubi wannan, ya yanke wa mai ƙuli-ƙuli kai." Da aka zo kaina har jawabi na miƙe na yi, na roƙi jama'a su nutsu su ga bambanci.

Suka gani kuwa. Abin da ya fito a bango silifas ɗina ne cikin laka, sai muryata tar: "Rabi'u, tsohon nan zai kashe mu da surutu. An tambaye shi rake, ya kai mu zamanin kakansa."

Maɓalli ɗaya ne ke kunnawa da kashewa, ashe tun isarmu na danna shi ban sani ba. Duk sanda na ce na kunna, kashewa nake yi. Duk sanda na ce na kashe, ɗauka take. Alhaji bai fito ba sai gefen rigarsa.

Silifas suka dawo, muryata ta ci gaba: "Ka ga haƙoransa? Raken ya rama, ya cinye su. Ba don Zuwaira ba, wa zai tsaya?"

Mushe ya kai hannu zai kashe. Alhaji bai ko waiwayo ba ya ce, "Bari, Mushe. Daga nesa muka zo, sai mun ga ƙarshe." Haka aka kalle shi tas, ina tsaye, tabarau ya jiƙe da gumi.

Zuwaira ta daina ɗaga wayata. Sai da kawuna ya je ban haƙuri, ya dawo da sharaɗi: in koma in ɗauki hirar daga farko, ba hutu. Tun hantsi har la'asar ina durƙushe bayan kamara, muka bi kakansa har kakan kakansa. An ɗaura auren, amma har yau in na je gaisuwa sai ya washe baki ya ce, "Duba mini, ɗana, saura nawa?"

Abin da na koya a harkar fim shi ne kamara ba ta jin kunyar suruki. In gulma ta ciyo ka, fara cire batir.