Rasuwar Gwaggo, Ma'auniyar Maganaɗisu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai ɗaci, ni Badaru Ubaidullahi na Danchadi nake sanar da rasuwar Gwaggo, na'urata ta awon maganaɗisu da lantarki, wadda ta cika ranar Talata a ɗakin gwaje-gwajen makarantar da nake koyarwa.

Gwaggo 'yar gwanjo ce. Tsohuwa na same ta, shi ya sa maiɗakina Bahijja ta raɗa mata wannan suna. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Baƙin yashin da nake kwasowa a babur daga rafukan Kajiji, in gasa shi ya zama ƙwayoyi, ita ke faɗa mini yadda maganaɗisu ke jan kowace ƙwaya da yadda wuta ke ratsa ta. Sai ta yi ɗan gurnaninta, uuum, allurarta ta yi rawa, sannan tik, ta tsaya a kan gaskiya. Digirina na uku a wuyanta yake rataye. Buƙatarta ɗaya ce a duniya: kada a ba ta wuta sai ta cikin tiransifomarta, wani tsohon akwati mai tsatsa.

Marigayiya ba ta yi jinya ba. Masu tantance makarantu ne za su zo, sashenmu kuwa wayam, babu kayan aiki. Shugaban sashe, Dakta Mijinyawa, ya tako har gida ya roƙi aronta kamar yadda aka saba, a nuna wa baƙi a maido. Na yi bayanin tiransifoma har yawuna ya ƙafe. Aka goge ta, aka manna mata lambar makaranta, aka ce akwatin nan mai tsatsa zai ba mu kunya, aka tura shi bayan ƙofa. Don fitilarta ta haska a idon baƙi, aka jona ta kai tsaye da janareto. Baƙi na fita ta ce fus, hayaƙi ya tashi. Sashe ya ci tantancewa, har aka sha lemo. Tir!

Ta rasu ta bar tiransifomarta lafiya lau a bayan ƙofa, da gwangwanin madara cike da ƙwayoyin da ba a auna ba, da babi na huɗu na kundin digirina rabi. Ta bar ni, wanda wa'adin karatunsa zai ƙare bayan damina.

Ana karɓar gaisuwa a gidana bayan la'asar. Masu cewa in yi haƙuri, ai ƙarfe ne, don Allah su yi zamansu.

Jana'iza kuwa an ɗage ta. Na je ɗaukar gawa, Dakta ya ce ai lambar makaranta ce a jikinta, kuma baƙi za su dawo. Ashe ma ko fitilar ba su kalla ba, ƙirgawa kawai suka yi suka wuce. Tana kwance cikin kabad na gilashi, an goge ta fes. Mai son yi mata kallon ƙarshe ya nemi makulli a wurin Dakta.