Hudar da Na Yi wa Rufin Shagon Maigida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwance injin fere katako na shagonmu a Kaura Namoda ba, kuma ko na so mantawa, rufin shagon ba zai bar ni ba.

Shekara tara ina kafinta a wurin Maigida. Sai ga Lawwali daga Shinkafi, ko shekara bai cika ba, Maigida ya ce shi kaɗai zai riƙa cire wuƙaƙen injin idan sun dakushe. Kishi ya kama ni, ba na ɓoyewa. Kafin Lawwali ya taɓa injin sai ya zare filogi, ya rataya wayar a wuyansa, ya jera kowane noti a kan kwali. Ni kuwa ina gefe ina cewa, "Likita zai shiga tiyata." (Da ƙarfi nake faɗa don Maigida ya ji. Bai taɓa yin dariya ba.)

Wata Laraba Lawwali ya tafi bikin suna a Zurmi. Ana cikin fere katako aka ɗauke wuta, Maigida ya fita ƙofar shago hira. Na ce yau ranata. Na dubi filogi, na ce tunda babu wuta, me zai yi? Ban tuna an bar injin a kunne ba. Na ɗage murfin kariya, na sa sifana na sassauta notocin wuƙa ɗaya, sai na ga asara ce in yi wannan bajinta babu mai kallo. Na taka zuwa ƙofa.

"Maigida, zo ka gani, ba Lawwali kaɗai..."

Ban ƙarasa ba aka kawo wuta. Injin ya yi kururuwa, wuƙar ta tashi ta huda kwanon rufi ta wuce. Ni dai na tsinci kaina a bayan mai shayin ƙofar shagonmu.

Maigida ya kashe injin, ya kama hannuwana, ya ƙirga yatsun a gaban jama'a.

"Goma. Alhamdu lillahi. To mi ya kai ka ga injin ga?"

Na ce taimakon Lawwali nake. Har maƙwabcinmu mai walda sai da ya zauna don dariya.

Washegari Lawwali ya ɗaga kai ya dubi hudar, ya ce, "Sannu Yaya, Allah shi tsare gaba." Wannan ya fi ƙona min rai. Da ma zagina ya yi.

Maigida bai kore ni ba. Ya hana a like hudar, ya sa aka jawo bencina ƙarƙashinta. Duk damina ruwa na ɗiga min a ƙeya.

Yanzu ko ƙurar katako zan share a jikin injin, da wuta ko babu, sai wayar tana wuyana. Har yau Lawwali ne ke cire wuƙaƙe, har yau abin na min ciwo. Kishin bai tafi ba, amma ya koyi zare filogi.